Arzika Wanzami da Mai Jiƙaƙƙen Kai

To, kowa ya yi bisimilla ya tofa a ƙirjinsa, don wannan ba tatsuniyar gizo ba ce. Lantana, janye ƙafarki daga bakin ƙofa. Ke kika matsa mini tun la'asar, in kika kasa fita tsakar gida anjima kada ki tashe ni rakiya. Ni ma ba a hanya na tsinci labarin ba. Kakarmu Yalwa ce ta ba ni, ita kuwa a gabanta aka yi, lokacin tana amarya tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar masallacin wani zango, can bakin teku a ƙasar Gwalkwas. Har ta rasu ba ta yarda ta faɗi sunan garin ba, saboda haka kada wanda ya tambaye ni.

Zamanin yaƙin Hitila ne. Garin yana da tashar jiragen ruwa, Hausawa kuma suna da zangonsu a bayan rumbunan kaya: fatake masu ɗaure goro, mahauta, maɗinka, 'yan dako, da 'yan cirani masu zuwa su nema su koma. Kafin yaƙi, in jirgi zai tashi har busa yake yi, yara su ruga kan tudu suna ɗaga masa hannu. Da yaƙi ya zo sai aka shafe jiragen da fenti ruwan toka, aka goge sunayensu. Ka kwanta da guda shida a tasha, ka wayi gari da biyu, ba mai ce maka ga inda huɗun suka nufa, tambayar ma laifi ce. Da magariba a kashe wuta, ko aci-balbal ba a yarda a gani ba, wai kada jirgin Jamus mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya hango gari. Kananzir ya yi wuya, sukari ya yi wuya, yadi ya yi wuya. Aiki ne kaɗai ya yi yawa, don jiragen kullum cikin neman masu zuba kwal a wuta suke.

A zangon nan akwai wani wanzami, Bakabe, sunansa Arzika. Kun san halin wanzamai, aska na tafiya baki na tafiya. Shi nasa ya wuce misali. Kafin ya gama maka rabin kai ka ji wanda ya yi aure, da wanda goronsa ya ruɓe, da abin da aka dafa jiya a gidan liman. Amma ba a ƙinsa, don ba ya ƙarya, abin da ya ji kawai yake faɗa, kuma hannunsa da sanyi. Yana da wata baiwa kuma. In ya ɗora yatsu a kumatun mutum, ko a duhu ne, zai gaya maka garinsu daga tsagar fuskarsa, wani lokaci har ya gaya maka wanzamin da ya yi ta. Saboda haka duk ranar da teku ta jefo gawar ɗan Arewa, shi ake fara aika wa. Ya je ya shafa, ya ce wannan Bagobiri ne, wannan mutumin Haɗeja ne, sai a kira mutanen garin su yi masa sutura.

Arzika yana da ƙane guda, Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya, ba shi da kowa a Kudu sai shi. Ubansu ne ya yi musu tsaga da hannunsa, tara a dama, goma a hagu. Ta Nomau ta ƙarshe, wadda ke kusa da kunne, ta karkace, don jaririn ya yi atishawa aska na kansa. Arzika yana wurin, yana ɗan shekara bakwai, shi ke riƙe da ƙoƙon ruwa. Ranar da za su bar gida tsohon ya raka su har bakin gulbi, ya ce wa babban, "Tare kunka tafi. Tare za ku dawo."

Na ukunsu shi ne Barmo, Sarkin Zango. Garinsu ɗaya da Arzika, rana ɗaya aka yi musu kaciya, akushi ɗaya suke ci. Duk Juma'a kan Barmo ne farkon wanda askar Arzika ke taɓawa, ko wa ya riga zuwa. Barmo kuma shi ne ke nemo wa jirage ma'aikata daga zango. Da ya tara mutum goma don wani jirgi mai ɗauke da buhunan 'ya'yan koko da katako, Nomau ya ce shi ne na sha ɗaya. Arzika ya ƙi. Barmo ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

"Haba, Arzika. Saliyo kawai za su, su sauke kaya su juyo. Wata guda. In wani abu ya sami yaron ga, ni ka tambaya."

Da daddare jirgin ya tashi, ba busa, ba sallama.

Wata guda ya wuce, na biyu ya wuce. Arzika ya fara rama. Sai Barmo ya fara kawo labari. Yau wani matuƙi ya ga Nomau a Saliyo, har ya yi ƙiba. Gobe an juya jirginsu wata tashar, yaƙi ne, ba a faɗin ina. A wata na uku ya kira shi gida, ya miƙa masa wani sabulu mai ƙamshi a naɗe cikin takarda, irin na Turawa.

"Saƙo daga ƙaninka. Ya ce ka riƙa yi wa manya aski da shi."

Wayyo Arzika. Har hawaye ya yi. Ya zaga da sabulun nan gida gida yana ba mutane suna shinshinawa. Daga ranar bakinsa ya sami abin yi. Duk ɗan ciranin da ya sauka a zango sai an ce masa ya fara zuwa wurin wanzami a rage masa gashin tafiya, Barmo ne ma ke tura su. Yaro ya durƙusa, cikin hira ya ce ya ji ana ɗaukar aiki a jirgi amma yana tsoron ruwa. Arzika ya yi dariya ya ce, "Tsoron mi? Ƙanina na can wata da watanni, har ƙiba ya yi. Shinshina ka ji abin da ya aiko mini." Yaro ya tashi da kai fes da zuciya fes, ya nufi gidan Sarkin Zango.

Haka aka yi wata bakwai.

Ran nan aka kira shi yin ƙaho a wani ƙauyen masunta, gaba da gari kaɗan. Tsohon da zai yi wa ya cika gardama, ba su gama ba sai da rana ta faɗi. Babbar hanya kuwa soja na tare ta daga magariba, wanda suka kama sai ya kwana a hannunsu. Saura hanya ɗaya, ta bakin rairayi. Ita ma tun watannin baya Barmo ya sa aka yi shela kada wanda ya bi ta, wai soja sun binne nakiya. Arzika ya auna kwana a wurin soja da taka nakiya, ya ce ai inda ruwa ke lasa ba a binne komai. Ya rataya zabirarsa, ya cire takalmi, ya bi gefen ruwa.

Ba wata. Ba tauraro. Gari na can gaba, baƙi ƙirin, kamar ba kowa a ciki.

Yana tafiya, teku na ta dukan rairayi a damarsa. Ya wuce bishiyar kwakwa ta farko. Ya wuce ta biyu. Sai ya ji wani abu ya canza, ya tsaya ya kasa kunne ya rasa ko mene ne. Can ya gane. Teku ce ta yi shiru. Ruwan na nan, yana jin sanyinsa a idon sawu, amma ya daina motsi.

Sai warin kwal da aka kashe da ruwa.

A gindin kwakwa ta uku akwai wani kwalekwale a kife. A kansa mutum na zaune.

"Salamu alaikum," in ji Arzika.

Har ya ɗaga ƙafa zai wuce, sannan amsa ta zo, cikakkiya, har da wa barakatuhu. Amma ba daga bakin mutumin ta fito ba. Daga ƙasa ta taso, kamar an sa kai cikin randa ana magana.

"Wanzami."

"Na'am."

"Aski."

"Ba a aski da dare, bawan Allah. Ka same ni zango da safe."

"Na jiƙa."

Ku saurara nan, don a nan aka kama shi. Uban Arzika ya bar masa doka guda a sana'a: wanda ya riga ya jiƙa kai ya durƙusa a gabanka, ba ka tashinsa, ko maƙiyinka ne, ko ba shi da ko anini. Arzika bai taɓa karya ta ba. Mutumin ya zamo daga kan kwalekwalen, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ruwa na ɗiga daga gashinsa, ɗis, ɗis, a wurin da duk duniya ta yi tsit.

Arzika ya sauke zabira. Ya durƙusa shi ma. Gwiwarsa ta taɓa ƙafar baƙon, ya ji ta sanyi ƙalau, doguwa, faffaɗa, ba yatsu, kamar bakin filafilin tuƙa kwalekwale. Ya janye gwiwar a hankali. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya buɗe zabira baki a rufe.

Ya laluba ya ɗauko sabulun.

"Mayar da wannan," in ji muryar. "Na san shi."

Ya mayar. Ya wasa aska a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya fara daga ƙeya. Gashin cike yake da yashi. Aska na kartar wasu 'yan ƙananan abubuwa masu tauri, irin waɗanda ke manne a jikin jirgi. Yana yi yana sauraren kalmomin da baƙon ya faɗa, yana juya su a ransa. Shi da ke sanin garin mutum daga gaisuwa, ya kasa ajiye Hausar nan a ko'ina. Ba ta Kano ba ce, ba ta Sakkwato ba, ba ta 'yan zango ba. Kamar an koye ta ne daga bakin mutane da yawa.

Ya gama gefe guda. Ya kai hannu ya kama kumatu don ya juya kan, yadda ya saba.

Yatsunsa suka fara aikinsu ba tare da ya sa su ba. Ɗaya, biyu, uku. Tara a dama. Ya ce a ransa Kabawa ai da yawa suke. Ya zagaya hannu hagu. Takwas. Tara. Goma. Ta goman, kusa da kunne, a karkace.

Aska ta faɗi a yashi.

"Nomau?"

"A'a."

"Nomau, ni ne. Yaushe kunka sauka?"

"Na ce a'a. Aro na yi. Da tawa fuskar na zo, da ba ka tsaya ba."

Hannun Arzika na nan a kan kumatun, ya kasa ɗaukewa, don wata bakwai ke nan yana marmarin taɓa fuskar nan.

"Wane ne kai?"

"Maƙwabcinku. Ina nan tun ba a kafa ƙusa ɗaya a tashar can ba. Ƙara na kawo."

"Ina ƙanina?"

"Jirginsu bai je ko'ina ba. Daren da ya tashi aka harbe shi, kafin asuba. Da kana kan tudu da ka ga wutar."

"An gan shi a Saliyo."

"Ni na ɗauko shi. Shi da goma. Kwana uku ina dako, ina turo muku su ɗaya bayan ɗaya. Na ga masu salla ne, na ce mutanensu su yi musu sutura. Suka zo da dare suka tona rami ɗaya a ƙofar gidana, suka zuba su da kayan jikinsu. Ba wanka, ba salla. Wata bakwai ba su yi barci ba, ni ma ba su bar ni na yi ba."

"Su wa?"

"Wanda kake fara yi wa aski ran Juma'a."

"Ƙarya kake."

"Mu kan yi ƙarya. Yatsunka fa?"

Muryar ta ci gaba, ba fushi, ba tausayi.

"Sabulun nan akwati guda ne, tare da su ya fito. An raba."

"Wa kuma ya sani?"

"Tambayi wanda bai sani ba. Ya fi saurin ƙirguwa."

"Wa?"

"Kai."

Yara, ni da nake ba ku labarin nan, duk sanda na zo nan sai na ji ɗaci a bakina. An ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Goman nan baƙi ne, ba mai kowa a zango. Mutum ɗaya tak ke da mai yi masa kuka, shi aka zaɓa aka rufe.

Amma baƙon bai gama ba.

"Bayansu wasu sha tara sun sauko. Su suna can nesa, cikin zurfi, ba zan iya ɗauko su ba. Kowanne na tambaya wa ya turo shi, amsa ɗaya ce."

"Kada ka faɗa."

"Wanzami."

Arzika ya kifa goshi a yashi. Ya ga kawunansu ɗaya ɗaya, yadda suka durƙusa a gabansa, da yadda ya miƙa musu sabulu su shinshina.

"Tashi, ban zo kallon kuka ba. Na riƙe wa sha ɗayan nan fuskokinsu, ban bar ƙasa ta taɓa ba. Ba don kai na yi ba, don a gane su a kwashe mini su ne. Gobe in rana ta take tsaka zan saki."

"Ina suke?"

"A kansu kake durƙushe."

Ya ɗago. Ya laluba ya tsinci askarsa, don doka doka ce.

"Saura gefe guda."

"Bar shi. Hannunka ya mutu yau."

Sai igiyar ruwa ta taso, wadda ta daɗe a tsaye, ta bugi ƙirjin Arzika ta koma. Da ya share ido ba kowa a gabansa. Teku ta ci gaba da hayaniyarta kamar ba ta taɓa yin shiru ba.

Bai gudu ba. Wanda aka yi wa irin wannan ba ya da sauran tsoron aljani. Ya rataya zabira ya taka a hankali har zango, ya zauna a dakalin masallaci cikin duhu. Abu ɗaya ya rage masa da yake riƙe da shi. Ya yarda Nomau ya mutu, yatsunsa sun gaya masa. Ya yarda da hannun Barmo a ciki. Amma kowa? Liman da ya raɗa wa 'ya'yan zango suna shi yana yi musu askin suna? Mahaucin da ke ajiye masa hanta? Ya ce a'a, a nan dai aljanin ya ƙara gishiri. Sai ya ƙudura yadda zai gwada.

Aka yi asuba. Liman ya sallame, aka shafa, mutane suka fara miƙewa. Arzika ya tashi tsaye a sahu na biyu, tufafinsa a jiƙe, yashi a goshi.

"Jama'a, akwai waɗanda ba a yi wa wanka ba. Ina neman masu taya ni."

Iyakar abin da ya ce ke nan, shi mai maganar da ba ta ƙarewa. Bai ce su wane ne ba, bai ce su nawa ba, bai ce a ina ba.

Masallaci ya yi tsit. Ba wanda ya dubi wani. Arzika na tsaye yana roƙon Allah a ransa mutum ɗaya, ko ɗaya ne, ya buɗe baki ya ce, su wa kake nufi? Liman ne ya fara motsi. Ya dafa bango ya tashi, ya ɗauki buta, ya fita. Na kusa da shi ya bi. Sahu sahu suka fita, kai a ƙasa.

Arzika ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman takalmi, don ya ga ko za su jira shi ya nuna hanya. Ba wanda ya jira. Suka karya hagu, suka bi bayan rumbunan goro, suka tsallake wayar da aka ce bayanta nakiya ce, ba mai duba inda zai taka. Mahauci ya biya gida ya ɗauko shebur. Arzika na biye da su can baya, kamar baƙon da aka zo nuna wa gari. A gindin kwakwa ta uku suka tsaya.

Maɗinki bai bi su ba, shago ya buɗe. Duk da wuyar yadi, kafin hantsi ya aiko da likkafani, guda goma sha ɗaya cif.

Kaka Yalwa ta ce tana tsaye a bakin tukunyar kokonta Arzika ya wuce ta. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai. Ita ma ta sani, mijinta na cikin waɗanda suka yi tonon farko. Ta ce wata bakwai kullum tana ƙara masa ƙosai biyu a kan na kuɗinsa, shi kuwa yana tsammanin don hirarsa ke yi mata daɗi ne. Duk sanda ta kawo nan sai ta share ido da bakin zane.

Aka tona. Jikkunan ba sa faɗuwa, amma fuskokin na nan kamar jiya suka kwanta. Arzika ya sauka cikin ramin, ya rufe ido, ya bi su da yatsu. Wannan Bagobiri. Wannan mai bille, mutumin Daura. Wannan Babarbare. Wannan na Zazzau, ta wajen kudu. Kowanne ya faɗa sai mutanen garin su matso su karɓa, waɗanda da can suka zuba masa ƙasa ba su tambayi ko ɗan wane ne ba. Na ƙarshe bai kira kowa ba. Ya ɗauko shi da kansa, ya kai shi inuwar kwalekwale, ya tuɓe masa kayan aiki.

Barmo ya zo da tulun ruwa a kafaɗa. Sarkin Zango guda, da tulu.

"Ajiye nan," in ji Arzika, bai ɗago ba.

"Bari in zuba maka."

"Kai ka riga ka yi naka."

Barmo ya ajiye, ya tsuguna nesa kaɗan. "Arzika, ka saurare ni. Baturen tasha ya ce in labari ya fita za a tashi zangon ga baki ɗaya, a ɗaure manya. Mata da yara fa? Ina za su? Munka zauna munka duba. Kowa na iya riƙe magana, ban da kai. Tsoron bakinka munka ji."

Arzika na wanke fuskar ƙaninsa, tsaga bayan tsaga, yana fitar da yashi da farce. Sai da ya gama ta goma sannan ya yi magana.

"Kun ji tsoron bakina. Amma ba ku ji tsoron aiki da shi ba."

"Arzika..."

"Sha tara, Barmo. Kai ka turo su, ni na yi musu aski."

Barmo bai tambayi inda ya sami lissafin ba.

Kafin rana ta take tsaka aka sallace su, aka kai su maƙabartar zango, kowa da kabarinsa. Mutane suka jeru za su yi wa Arzika ta'aziyya, ta'aziyyar da ta makara wata bakwai. Ya bi ta gabansu ya wuce bai miƙa wa kowa hannu ba. Ya ɗebi ƙasar kabarin Nomau cikin hularsa ya ƙulle, don ya sami abin da zai ajiye a gaban tsohonsu. Ko ɗakinsa bai koma ba. Ya shiga motar goro mai zuwa Arewa, ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa a zango.

An ce aljanin, mai gidan ruwa, ya sami barcinsa, bai sake fitowa ba. Sha taran nan ne ba a ɗauko ba. Kaka ta ce har bayan yaƙi, har aka kunna fitilu jirage suka koma busa, masunta ba sa yarda su bi ta gindin kwakwar nan su kaɗai. In teku ta yi shiru, sai ka ga samari a tsaye a gefen ruwa, kawunansu fes kamar yau aka yi musu aski. Ba sa taɓa kowa. Tambaya ɗaya suke yi, cikin ladabi, ko ka ga wanzami. Ba sa tambayar Sarkin Zango, don ba shi ne ya ce musu kada su ji tsoro ba.

Saboda haka in Allah ya kai ɗayanku bakin teku, kada ya bi rairayi shi kaɗai bayan magariba. In kuwa ya bi, aka tare shi da tambayar nan, kada ya amsa, kada ya nuna Arewa. Bawan Allahn nan ya sha abin da ya ishe shi. Lantana, tashi ki rufe ƙofar, ke ce kusa.